Yadda ake tafiya daga Abuja zuwa Jos a mota da yaran da suka tasa

Lokacin da yarana suke ƙanana, shirin tafiya bai wuce a cika kula da abinci, a ɗauki kayan canji, a zuba su a bayan mota ba. Kafin mu wuce Masaka duk sun yi barci. Yanzu babban yana da shekara 17, mai bi masa tana da 15, auta kuma 12. Karon farko da na gwada musu tsohon tsarin bayan sun tasa, bayan sallar isha'i na leƙa ɗakinsu na ce kowa ya haɗa kayansa, gobe za mu Jos gaida Gwaggo. Ba wanda ya musa mini. Amma tun daga Kubwa har Akwanga babban bai ce uffan ba, ya toshe kunne da iyafis yana kallon taga. Ashe ranar suna da wasan ƙwallo a unguwa, kuma shi ne mai tsaron gida. Sauran biyun kuwa caja ɗaya suka yi ta ja-in-ja a kai, har na tsaya a gefen titi na yi faɗan da ni kaina na ji kunyarsa daga baya. Mun je mun dawo lafiya, amma ba wanda ya ji daɗin tafiyar.

Daga nan na gane cewa yaron da ya fara tsiro gemu ba a ɗaukarsa kamar jaka. In ba shi da hannu a cikin tafiyar, jikinsa kawai za ka kai Jos. Ga yadda muke yi yanzu, daki-daki.

Mataki na ɗaya: a zauna da su tun da sauran mako biyu

Ka tara su bayan cin abincin dare, ka ce ana son zuwa Jos, wace rana ce ta fi yi wa kowa? Za ka sha mamakin abubuwan da ke gabansu waɗanda ba ka sani ba: darasin share fagen WAEC ko JAMB, musabaƙa a Islamiyya, bikin yayar ƙawa, wasan ƙwallo. Wasu za a iya ɗagawa, wasu ba za a iya ba, amma dai an ji ta bakin kowa.

A wannan zaman ka rarrabe abin da ba a tattaunawa a kansa da abin da ka bar musu. Namu shi ne: za a gaida 'yan'uwa, za a tashi da sassafe, ba za a yi tafiyar dare ba. Nasu kuwa: kowa zai zaɓi wuri ɗaya da yake son a kai shi a Jos, su za su tsara abincin hanya, su za su zaɓi abin da za a saurara a mota. Abin da ka ce nasu ne, ka bar musu shi da gaske. In ka ba da zaɓi sannan ka dawo ka soke, gara tun farko ba ka bayar ba.

Ku duba lokacin ma. Dogon hutun Agusta damina ce, duwatsun Filato sun yi kore shar, amma ruwa da hazo kan rufe hanya a kan tudu. Hutun Disamba kuwa hanya a bushe take, sai dai motoci sun yi yawa saboda masu tafiya Kirsimeti, ga ƙurar hunturu, ga sanyin Jos da ba ya wasa. Kwana biyu kafin tashi ka kira 'yan'uwa na can ka tambayi halin da gari da hanya suke ciki. Filato takan shiga yanayin da ake sa dokar hana fita, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In sun ce a dakata, a dakata.

Mataki na biyu: kowa da aikinsa

Wannan shi ne matakin da ya fi komai sauya mana tafiya, don haka zan ɗan tsaya a kansa.

Babban shi ne mai kula da mota da hanya. Shi ke raka ni wurin bakanike, shi ke duba iskar taya, shi ke sauke taswirar Google Maps a wayarsa tun daga gida domin ta yi aiki ko babu sabis, saboda akwai wuraren da layi ke ɗaukewa bayan an wuce Akwanga.

Mai bi masa ita ce ma'aji. Nakan ƙirga kuɗin hanya in damƙa mata, ƙananan takardu, 'yan ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, da ɗan littafi da biro. Duk abin da za a saya a hanya, ko ayaba ce, daga hannunta zai fito, ta rubuta. Har lissafin mai ita na bar wa. Na ce mata tafiyar ta kusa kilomita 300, motarmu kuma takan sha wajen lita 10 a kowace kilomita 100, sai ta fitar da litar zuwa da dawowa, ta ƙara na yawon cikin gari, ta ninka da farashin ranar. Da ta ga jimillar sai ta ɗago ta dube ni ta ce, "Abba, wannan duk mai ne kawai?" Tun daga ranar ba ta sake tambayata dalilin da ya sa ba ma zuwa Jos kowane wata ba. Kuma ban taɓa ganin mai tsauri irinta ba: ni da kuɗina na nemi a saya mini gasasshiyar masara a hanya, sai da ta duba littafi tukuna.

Auta shi ne mai kula da abinci da shara. Shi ya san wace leda ce ke da cincin, shi ke miƙa ruwa, shi ke tattara ɓawon ayaba da robobi a leda ɗaya har sai an sami inda za a zubar. A motarmu ba a wurga komai ta taga.

Ban da wannan, kowa ina ba shi kuɗin kashewa nasa na kansa, adadi ɗaya, tun daga gida, in kuma faɗa musu cewa ba ƙari. Wanda ya cinye nasa a ranar farko ya sha kallo a ta biyu. Wannan ya kashe mana "Abba saya mini" gaba ɗaya.

Mataki na uku: mota

Kada ka kai mota gareji ana gobe tafiya. Ka kai ta da sauran kwana huɗu ko biyar, domin in an taɓa wani abu ka samu ka yi yawo da ita a cikin gari ka ji ko ta zauna. A yi juye in lokacinsa ya yi, a duba birki da man birki, ruwan lagireto da fanka, batir, fitilu, da abin goge gilashi. Birki da lagireto su ne Hawan Kibo, inda hanya ke hawa tudun Filato, zai tambaye ka, ɗaya a hawa ɗaya a gangara.

Taya kuma ba kyan ido ake dubawa ba. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana gargaɗin a daina amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da yi. Ka sa yaran su tsuguna su karanto maka lambobin duka tayoyin, har da safaya. Yawan iskar da ya kamata a sa yana rubuce a jikin ƙofar direba, ba abin da mai faci ya ga dama ba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi.

Ranar da ta rage kwana ɗaya, nakan fito da mota tsakar gida mu yi gwajin canza taya, kuma har da 'yata a ciki. A ja birkin hannu, a sa dutse a bayan taya, a sassauta notina tun mota tana ƙasa, sannan a ɗaga ta da jak, a cire, a sa safaya, a ɗaure notinan a gicciye, a sauke, a ƙara ɗaurewa. A irin wannan gwajin ne muka taɓa gano cewa sifanar da ke but ɗinmu ba ta shiga notinan motar, ta tsohuwar motata ce. Da a dajin garin Forest, can kan hanyar Jos, muka gano haka, da labarin ya bambanta.

Takardu a haɗa su a jaka ɗaya: lasisin tuƙi mai rai, takardar mota, shaidar mallaka, takardar lafiyar mota, da inshora. In gilashinka mai duhu ne, ka tabbata takardar izininsa tana ciki. A but kuma a sami tukunyar kashe gobara, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, tocila, igiyar ja, wayar tayar da batir, da jarkar ruwa. Kowane yaro ya ajiye lambobin gaggawa a wayarsa: 122 na FRSC, 112 na gaggawa na ƙasa, da lambar wanda za ku sauka a gidansa.

Mataki na huɗu: kaya

Kowa jaka ɗaya, kuma shi zai haɗa kayarsa da kansa. Abu ɗaya kawai nake dubawa: rigar sanyi. Yaron da ya tashi a zafin Abuja ba ya yarda cewa akwai garin da ake kwana da safa a Najeriya. Jos tana kan tudun da ya haura mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu ruwan alwalar asuba sai an ɗumama. Suwaita, safa, hular sanyi, man shafawa saboda tsagewar leɓe, da takalmi rufaffe in za a hau dutse.

Abin da ya shafi 'yan mata, uwa ta ja 'yarta gefe su shirya tsakaninsu: audugar mata, maganin ciwon mara, leda, ƙarin kayan canji a ƙaramar jakar da za ta riƙe a hannu, ba a can ƙasan but ba. In a hanya ta ce a tsaya, ka tsaya, kada ka ce "ba yanzu muka tsaya ba?" kuma kada ka bari yayyenta ko ƙannenta su mai da abin wasa. A ɗauki buta da sabulu da ruwan da ba na sha ba, don bayin gidajen mai sai dai haƙuri.

Maganar caja: ka sayi irin wadda ake sokawa a mota mai baki uku ko huɗu, kowa ya zo da igiyarsa, a cika fawa bank da daddare. Kuɗinta kaɗan ne in aka kwatanta da faɗan da take kashewa.

Abinci kuwa mai ɗaukar hanya: dambun nama, soyayyen nama ko kaza, dafaffen ƙwai, burodi, cincin, dabino, shayi a fulas, zoɓo mai ƙanƙara. Kunun aya ba ya son zafin mota, in ba za a shanye shi da wuri ba a bar shi. Kuma kada ka auna cikin saurayi da naka. Abin da kake ganin zai kai ku Jos, kafin Keffi an ga bayansa.

Mataki na biyar: a yanke hukuncin kujera da waya tun a gida

Duk rigimar bayan mota a kan kujerar tsakiya take. Mu dai juyawa ake yi, duk inda aka tsaya sai a canza, ba babba ba yaro. Gaba ta Umma ce, amma daga Akwanga takan koma baya ta bar wa babban, saboda shi ke riƙe da taswira. Yaron da bai kai shekara 12 ba ba ya zama gaba. Bel kuma kowa zai ɗaura, har na baya, kuma mota ba ta motsi sai na ji ƙarar kowanne.

Waya ban hana ba, don hana matashi waya na awa biyar neman fitina ne. Abin da muka yi yarjejeniya a kai uku ne. A shingen jami'an tsaro kowa ya cire iyafis, ya ajiye waya a cinya, ba hoto ba bidiyo. Ba a sa hotonmu ko inda muke a WhatsApp ko TikTok sai mun isa, domin ba kowa ya kamata ya san gidanmu ba kowa ba, ko wace hanya muke kai yanzu. Na uku, daga Forest har a gama Hawan Kibo ido a kan hanya, dalilin yana tafe.

Abin sauraro kuwa, bayan addu'ar tafiya da karatun Alƙur'ani na farkon hanya, kowa yana da rabin awarsa. Zan faɗi gaskiya, wasu waƙoƙin nasu ban san me ake cewa ba. Su ma haka suke daurewa da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos idan layi ya zo kaina, kodayake auta yanzu shi ke roƙon a sa kuntigi idan mun doshi garin mai shi.

Mataki na shida: hanyar kanta

Mai a cika tanki tun jiya, kaya a loda tun dare. Ana idar da sallar asuba a karya da abu mara nauyi, gari na fara wayewa a kama hanya. Da safe cunkoson Nyanya da Mararaba na masu shigowa Abuja aiki ne, kai kuwa fita kake yi, don haka hannunka da sauƙi. Amma in ka yi nawa har yamma, kai da su za ku rankaya. Daga mahaɗar AYA da ke Abuja ka gangara Kugbo, ka wuce Nyanya, ka shiga jihar Nasarawa ta Mararaba, sai Masaka, sai Keffi.

Daga Keffi zuwa Akwanga titi tagwaye ne mai kyau, kuma kyansa ne haɗarinsa, don ƙafa takan yi nauyi ba ka sani ba. Ƙa'idar ƙaramar mota ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen titi na gudu. Ka tuna akwai mai shekara 17 a bayanka yana kallon allurar gudu, kuma yadda ya ga kana yi haka zai yi ran da sitiyari ya zo hannunsa. Tun 2025 ake biyan kuɗin hanya a wannan titin, akwai wurin biya a Garaku, kuma da kati ake biya, don haka ma'aji ta riƙe katin banki a kusa.

Akwanga ce wurin tsayawa na farko, kuma na dole. A nan hanya ta rabu, ta Lafiya da Makurɗi ta yi nata wuri, ta Jos ta yi arewa. A sha mai in ana buƙata, a zaga, a miƙe ƙafa, a canza kujera. Minti ashirin ya isa. Ka zaɓi gidan mai babba mai jama'a, kuma in 'yan mata za su zaga uwarsu ta raka su.

A nan ne babban ya taɓa matsowa kusa da ni, ya rage murya don kada ƙannensa su ji, ya ce, "Abba, ka ba ni in ɗan taɓa daga nan, ai ka ga na iya." Ya iya ɗin, a filin makarantar unguwa. Na ce masa doka ba ta ba da lasisi sai an cika 18, kuma ko ya cika, hanyar da tirela da tanka ke bi ba wurin koyo ba ce. Ya ɓata rai na ɗan lokaci. Abin da ya sauko da shi shi ne na ba shi aikin kallon allurar zafin inji da karanta mini alamomin hanya, kuma na yi masa alkawarin makarantar koyon tuƙi da zarar shekarunsa sun cika. Kada kunya ko son a ce kai uba ne mai sauƙin kai ya sa ka miƙa makulli.

Daga Akwanga titi ya koma guda ɗaya, mai zuwa da mai dawowa. Za ku ratsa wani yanki na kudancin jihar Kaduna, wajen Gwantu da Fadan Karshi, kafin ku kai Forest. Akwai ramuka, akwai manyan motoci, akwai shingaye. A shinge ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke gilashi, ka kashe rediyo, ka yi gaisuwa. Kai kaɗai za ka yi magana. Samari suna da saurin ɗaukar zafi in sun ga kamar ana ja wa ubansu rai, don haka ka gaya wa naka tun a gida cewa bakinsa alaikum.

Wannan yankin ne kuma na fi so, saboda wani dalili daban. Yawanci a nan na baya suke yin barci, sai ya rage daga ni sai wanda ke gaba. Mu iyaye muna da wata ɗabi'a: da mun ga yaro ya shiga mota ba inda zai gudu, sai mu buɗe babin wa'azi, daga sakamakon jarrabawa zuwa abokan banza. Ka daure ka yi shiru. Matashi ya fi sakin baki idan ba a kallon idonsa, kuma a mota kowa gaba yake kallo. A wannan hanyar ce, bayan shirun kusan rabin awa, babban ya ce mini, "Abba, in na ce ba likitanci nake so ba, ranka zai ɓaci?" Shekara biyu yana riƙe da maganar. Ban ba shi amsa mai tsawo ba, na ce ya gaya mini abin da yake so ɗin, ya yi ta bayani a kan kwamfuta har muka hango duwatsu.

Sai Hawan Kibo. Nan ne hanya ke hawa kan tudun Filato, da kwana-kwana, kuma wuri ne da ya yi suna wajen haɗarin manyan motoci. Ka sa giya mai ƙarfi, in allurar zafi ta fara ɗagawa ka kashe na'urar sanyi. Kada ka manne wa bayan tirelar da ke nishi a hawa, ka ba ta tazara don takan iya zamewa baya, kuma kada ka sha gabanta a kwana ko da na bayanka ya cika ka da ham. In inji ya yi zafi, ka samu wuri mai faɗi ka tsaya, kada kowa ya buɗe murfin lagireto sai ya huce. Dalilin hana waya a nan kuwa amai ne: kallon allo a kan kwana shi ke tayar da zuciya. Wanda abin ke damunsa ya zauna ta taga, ya kalli nesa, ya tauna 'yar citta, leda na kusa. Kunnuwa za su toshe saboda hawan, a haɗiyi yawu su buɗe. A yankin ne kuma magangarar ruwa ta Assop take, kimanin kilomita 60 kafin Jos. In kun iso da wuri ku tsaya a ɗauki hoto, amma duwatsun wurin suna da santsi, musamman da damina.

Kuna gama hawa ku sauke gilashi ku ji yadda iska ta canza. A Riyom za ku ga duwatsun nan da aka ɗora wani kan wani kamar da hannu. Daga nan sai Mararrabar Jama'a, sai Bukuru, sai Jos. In an tashi da wuri, da tsayawa da komai, akan isa kafin azahar ko da ita.

Mataki na bakwai: a Jos

Ranar farko ta 'yan'uwa ce. Ka gaya wa yaran tun a mota gidaje nawa za a shiga da kuma su wane ne, don matashi ya fi jure gaisuwa in ya san iyakarta. Wayoyi a aljihu, a durƙusa a gaida manya. Kai kuma ka kiyaye abu ɗaya: kada ka ba da labarin laifinsu ko faɗuwar jarrabawarsu a gaban dangi don a yi dariya. Maganar wurin kwana a gama ta da masu masauki tun kafin a zo, maza daban mata daban. In gidan ba zai ɗauka ba, kama ɗaki biyu a masauki ya fi a takura kowa.

Tafiyar kuma dama ce ta koya musu sallar ƙasaru a aikace. A mazhabar Malikiyya, tafiyar da ta kai mil 48 ana mai da azahar da la'asar da isha'i raka'a bibbiyu, matuƙar ba a yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Abuja zuwa Jos ta ninka haka. Nakan sa babban ya ja mu sallar a masauki.

Rana ta biyu tasu ce, a cika alkawarin wuraren da suka zaɓa. Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana da kawunan yumɓu na tsohuwar al'adar Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. A harabarsa akwai sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ga gidan namun daji a kusa. Akwai kuma gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972. Masu ƙarfi a jika za su so duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, amma ba a hawa sai da ɗan gari wanda ya san hanya, kuma a sauko da rana tsaka. Wuri biyu a yini sun isa. In ka cusa biyar, a na uku za ka ga fuskoki sun canza.

Gargaɗi ɗaya da ba na sassautawa a kansa: kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos da Bukuru. Ruwansu a kwance yake, gwanin sha'awa a hoto, amma suna da zurfi da sanyi, kuma gefensu yakan rufta. Ko yaronka ya iya iyo a wurin wanka na otal, nan ba wurinsa ba ne. In 'yan'uwansu samari za su fita da su yawo, ka faɗi wannan a gaban kowa, ka kuma sa lokacin dawowa kafin magariba.

Mataki na takwas: dawowa

Sayayya a yi ta ana gobe komawa. A kasuwar Farin Gada za ku sami kabeji, karas, latas, koren wake da tumatir, ga dankalin Turawa da Filato ta yi suna a kansa. A bar ma'aji ta yi ciniki, Gwaggo na gefe tana gyara mata. Sai dai a tuna mota ta riga ta ɗauki mutum biyar da jakunkunansu. Buhun dankali ɗaya ya isa, a sa shi can ƙasa a tsakiyar but, kayan ganye a sama. In ka ga bayan mota ya zauna, a rage, maƙwabta za su yi haƙuri da ɗan abin da ya samu.

A sake auna iskar taya, a duba ruwa da baƙin mai, a tashi da safe kamar yadda aka zo. Sallama a gidan dangi takan ci awa guda, don haka a yi ta tun dare. Gangarar Hawan Kibo ta fi hawansa haɗari, balle da lodi. Kada ka ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, zai yi zafi ya daina kamawa. Ka sa giya ta biyu, ko L in motar mai canza giya da kanta ce, inji ya riƙe ta, kana taɓa birki kana saki. Kada ka kashe inji ko ka sa furi don tsimin mai. Nakan faɗi abin da nake yi da baki a wannan gangarar, saboda na gaba yana saurare.

Direba ya fi jin barci a dawowa, musamman tsakanin Akwanga da Keffi da rana ta take. Wanda ke gaba aikinsa ne ya yi ta jan ka da hira, in kuma ka ji ido na lumshewa ka tsaya a gari ka wanke fuska ka sha shayi. Idan kun iso gida, kafin kowa ya shige ɗaki, a sauke kaya tare, auta ya fitar da shara, ma'aji ta kawo littafi a yi lissafi. A tafiyarmu ta ƙarshe canjin da ya rage na bar mata, Yayanta ya ce ba a yi adalci ba tunda shi ya yi ta tsugunne a gindin taya, sai da Umma ta sa baki aka raba uku.